Asusu Ɗaya, Sunaye Biyu a Bankok

A Bankok, babban birnin Tailan, bankuna da yawa na da rassa cikin manyan kantuna, har Asabar da Lahadi suna aiki. Can muka je buɗe asusun haɗin gwiwa, miji baƙo, mata 'yar ƙasa. Aka nemi fasfo da biza, katin ɗan ƙasa da takardar aure. Sai babbar tambaya: kowa zai iya cire kuɗi shi kaɗai, ko sai mun sa hannu tare? Muka zaɓi na farko, don cefane ba ya jiran mutum biyu.

Amma baht 400,000 da hukumar shige da fice ke dubawa kafin ta tsawaita zaman miji, a asusun sunansa kaɗai ake ajiye su. Dole muka buɗe na biyu.