Ranar da Kawu Ya Koma Aji

A ƙarshen shekarar da ta wuce, wata ranar Asabar bayan sallar La'asar, ƙanen mahaifiyata ya zo gidana riƙe da waya da wata tsohuwar jakar takardu. Likitan dabbobi ne. Ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi wa gwamnati aiki har ya yi ritaya, yanzu kuma yana da ɗan shago a bakin wata kasuwa inda yake duba dabbobi yana sayar da maganinsu. Ko ruwan da aka kawo masa bai kurɓa ba ya miƙo mini wayar.

"Ɗana, duba mini wannan abin. Wai sai na nuna shaidar na halarci bita kafin a sabunta mini lasisi. Shekara arba'in ina cikin shanu, yau kuma a ce in koma aji?"

Na ce, "Kawu, ai gemu ba ya hana ilimi."

Ya ce, "Gemu ba ya hanawa, amma kuɗin mota yana hanawa."

Ga mai karatun da bai san tsarin ba, ga yadda abin yake. Digiri sau ɗaya ake ba mutum, ya rataye a bango. Izinin yin aiki kuwa na ɗan lokaci ne, duk shekara ake sabunta shi. Likitocin dabbobi a Najeriya suna ƙarƙashin hukumar da ake kira VCN a taƙaice, mu masu harhaɗa magunguna muna ƙarƙashin PCN, kuma kowace tana son wanda ke ƙarƙashinta ya nuna cewa bai rufe littafi ba tun ranar da ya bar jami'a. Sai ya halarci tarukan ƙara wa juna sani, ya tara maki, ya gabatar da takardun shaida. Ba a nan kaɗai ake yin haka ba. A Ingila, alal misali, ana buƙatar likitan dabbobi ya yi awa 35 na irin wannan karatu a kowace shekara.

A ranar dai bakina ne ya kawo karin magana, amma zuciyata tana tare da Kawu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni kaina na taɓa zuwa bita, na sa hannu a takardar halarta da safe, na sulale na tafi kasuwa sayen tayar mota, na dawo da yamma na karɓi takardar shaida da kwalin abinci. A lokacin ban ɗauki hakan wani abin kunya ba. Ganina shi ne wani haraji ne kawai da aka yi wa ado da sunan ilimi. Don haka na taya Kawu cike abin da ake cikewa, na yi masa rajistar wata bita da za a yi ta intanet don ya huta da kuɗin mota, muka yi sallama.

Bayan kamar mako uku aka kwantar da wata mata a asibitin da nake aiki. Ta haura shekara hamsin, tana da ciwon sukari, kuma wani miki a ƙafarta ya ƙi warkewa har ƙwayar cutar ta shiga jini. Da takardar ɗakin gwaji ta iso sashenmu, sai na bi jerin magungunan da aka gwada a kan ƙwayar da yatsa. A gaban kowane suna akwai harafi ɗaya: S idan maganin zai yi aiki, R idan ƙwayar ta bijire masa. R ce tun daga sama, har a gaban magungunan da muke kullewa a kabad don tsada da ƙarfinsu. Suna ɗaya ne kawai a can ƙasa bai sami R ba, wato kolistin.

Lokacin da nake jami'a, layi biyu aka yi mana a kan kolistin. Tsohon magani ne, an yi ta amfani da shi a da, aka ajiye shi saboda yana taɓa ƙoda da jijiyoyi, aka koma ga waɗanda suka fi shi sauƙin illa. Da wannan na fito, kuma a daren nan bai ishe ni ba. Dole na zauna na sake karatu kamar ɗan aji uku, domin ko awon maganin ma tarko ne: wasu kamfanoni suna rubuta ƙarfinsa da miliyoyin ma'auni, wasu da miligiram, kuma wanda ya rikita biyun zai iya ba majinyaci abin da bai kai ba ko abin da zai lalata masa ƙoda. Ba mu da shi a ajiye. 'Ya'yan matar sun yi kwana biyu suna zagaye gari kafin su samo, sai da mijinta ya sayar da saniya. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma mun yi kwanaki muna bibiyar gwajin ƙodarta hankalinmu a tashe.

Ranar bitar Kawu na je shagonsa don in haɗa masa waya. Mai irin aikina ba ya iya ganin kwalin magani bai juya bayansa ya karanta ba, ko a gidan mutane ne. Ina jira a fara, sai na ɗauki wani ƙullin garin magani da ake zuba wa kaji a ruwan sha. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ne har kala huɗu a haɗe da bitamin. Ɗaya daga cikinsu kolistin.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Na 'yan tsaki ne. Masu gona suna ba su a makon farko, ko suna ciwo ko ba sa yi, wai don su tashi da ƙarfi."

Na ba shi labarin matar da saniyar da aka sayar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Amma ai wannan ba ya shiga jini. A hanji yake tsayawa, ya fita da kashi. Haka aka koya mana, shi ya sa muke ganin bai da haɗari ga mai cin nama."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Abin da aka koya masa ba ƙarya ba ne. Kolistin da aka sha ta baki kusan duk a hanji yake zama. Sai dai a hanjin ne dubban miliyoyin bakteriya suke zaune, kuma duk wadda maganin bai kashe ba ita ce za ta hayayyafa. A watan Nuwamba na 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka bayyana cewa sun gano wani ƙwayar gado, wanda suka sa wa suna mcr-1, a cikin bakteriyar hanjin aladu, da ɗanyen naman kasuwa, da kuma wasu majinyata. Shi ne ke sa bakteriya ta bijire wa kolistin, kuma abin tsoron shi ne tana iya miƙa shi ga wata bakteriyar da ba danginta ba, kamar yadda ake miƙa goro. Cikin ɗan lokaci aka gan shi a nahiyoyi daban-daban. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don sa su girma a 2017, Indiya kuma ta hana amfani da shi ga dabbobin da ake ci a 2019. Duk wannan ya faru ne fiye da shekara talatin bayan Kawu ya bar Zariya. Ta ina zai ji, in ba wani ya zaunar da shi ya gaya masa ba?

Sannan mu tuna inda kashin kajin yake zuwa. Buhu-buhu ake sayar da shi, a kai lambu, a zuba wa latas da kabeji da tumatir. Ba ina ɗora ciwon matar nan a kan kaji ba ne. Mu ma'aikatan asibiti muna da namu kason na laifi, haka mai kemis da ke ba da kafso biyu na naira kaza, haka majinyacin da ke daina shan magani da zarar zazzaɓi ya sauka. Amma ƙwayar cuta ba ta san bambanci tsakanin ɗakin kaji da ɗakin majinyata ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bijirewar bakteriya ga magani, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a.

Kawu mutum ne mai son labarin bushiya. Ya fara aiki ne a daidai lokacin da annobar ta ratsa garkunan Arewa a 1983, kuma har yau in ya fara ba da labarin yadda suka riƙa bin rugage da allurar rigakafi, da makiyayan da suka wayi gari ba ko saniya ɗaya, sai muryarsa ta sauya. A 2011 aka sanar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Cutar da ya fi kowa saninta ta tafi. A madadinta ya ga murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a wata gona a jihar Kaduna a farkon 2006, karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'in nata a kajin Afirka. Ya ga magungunan da ya saba dogara da su suna rage kaifi a hannunsa. Shekara arba'in a cikin shanu sun ba shi idon da zai hango saniya mai sammore tun daga nesa, abin da babu bitar da za ta koyar. Amma ba za su gaya masa abin da aka gano a hanjin alade a wata ƙasa mai nisa ba.

Akwai wata doka a jihar Kalifoniya ta Amurka da take burge ni. Likitan dabbobi a can yana yin awa 36 na ƙarin karatu a kowace shekara biyu, kuma tun daga 2018 aka wajabta cewa aƙalla awa ɗaya a cikin kowace shekara huɗu ta kasance a kan yadda za a yi amfani da magungunan kashe ƙwayoyin cuta cikin hikima. Awa ɗaya ba ta da yawa, har ma tana iya ba mutum dariya. Abin da ya ja hankalina shi ne an ambaci darasin da sunansa, ba a bar wa mutum ya tara maki da duk abin da ya fi masa sauƙi ba. Da ni ake tambaya, da mu da likitocin dabbobi da likitocin mutane aji ɗaya za a riƙa zaunar da mu a kan wannan batu, tunda kusan magunguna iri ɗaya muke taɓawa.

Ban manta da ƙorafin Kawu ba, kuma yana da hujja. Likitan da ke Abuja ko Kano bita tana zuwa har ƙofarsa. Wanda ke can ƙauye, inda dabbobin suke, shi ne zai rufe shago, ya biya mota da masauki, ko ya hau tudu neman sabis. Ga kuma babban giɓi: sharaɗin lasisi mai lasisi kawai yake kamawa. A ranar kasuwar ƙauye, wanda ya fi kowa yi wa dabbobi allura shi ne mai baza kwalabe a tabarma cikin rana, wanda babu mai tambayarsa maki. Duk da haka, makiyayi da mai gonar kaji suna kwaikwayon abin da suka ga likita yana yi. In likitan ya tsaya a 1985, su ma nan za su tsaya.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suna da kaji a bayan gida, ko ragon da ake turkewa don layya. Idan dabba ta yi ciwo, a nemi likita mai rajista, kuma ba rashin kunya ba ne a tambaye shi ko lasisinsa na bana ne. A daina fasa kafson mutane, ja da yalo ko ja da baƙi, ana zuba wa kaji a ruwa. Duk lokacin da aka yi wa dabba allura ko aka ba ta magani, a tambaya kwana nawa za a jira kafin a yanka ta, ko a sha nononta, ko a ci ƙwanta. Ana rubuta kwanakin a jikin kwalba, kuma sun bambanta daga magani zuwa magani. Ragon da aka yi wa allurar oksitetrasaiklin mai dogon aiki ana saura kwana uku Sallah bai kamata ya shiga tukunya ba. Kuma kada a ɗauka abin da ya yi wa mutum daidai zai yi wa dabba: farasitamol da muke sha kamar gyaɗa yana kashe kyanwa.

Kawu ya zauna bitarsa har ƙarshe, awa uku, waya jingine da kwalbar maganin tsutsa, yana rubutu a bayan wata tsohuwar rasit. Sau biyu sabis yana ɗaukewa, sau biyu yana tsaki. Ni ma na zauna, duk da babu makin da zan samu.

Da na koma shagon bayan wata biyu, ƙullin nan ba ya kan kanta. Ina zaune wani mai gonar kaji ya shigo ya tambaye shi da sunansa, ya ce gobe 'yan tsakinsa ɗari biyar za su iso. Kawu ya tambaye shi ko ya wanke ɗakin ya yi feshi, ko ya tanadi abin ɗumama su, ko ya san ranakun rigakafinsu. Mutumin ya ce shi magani ya zo saye. Kawu ya ce in sun yi ciwo ya kira shi, zai zo ya duba su da kansa kafin a ba su komai. Mutumin ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya tsallaka titi, ya shiga shagon da ke kallon namu. Muna ganinsa ya fito da leda.

Kawu ya bi shi da ido har ya hau babur. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan bitar taku ta ja mini asarar ciniki. Yaushe ne za a yi ta gaba?"