Daga Badarawa Zuwa Makoko Neman Shuɗiyar Ƙaguwa

Shekara da shekaru ina zana ƙaguwa a allo ina koya wa ɗalibaina sassan jikinta a wata makarantar sakandare a Badarawa. Wadda na sani da ido ita ce ta kogin Kaduna, 'yar baƙa-baƙa da muke tonowa ƙarƙashin duwatsu wajen Malali muna yara. Shuɗiya kuwa, sai a littafi. Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, kawuna da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya ce in je in ga Legas, sai na ɗauki jaka na nufi tashar Mando.

Mun bi ta Abuja, muka ƙetare kogin Kwara a kusa da Lakwaja. Ina leƙen ruwan ta taga, sai na tuna cewa a cikinsa akwai na kogin Kaduna, wanda ya riga ya zuba a Kwara tun can sama. Shi ma teku ya nufa, sai dai ta wata hanya. Daga nan barci ya ɗauke ni, ban farka sosai ba sai bayan Ibadan.

Washegari da asuba na matsa wa kawu mu tafi bakin ruwa. Ya dube ni ya yi dariya.

"Ɗan nan, ƙaguwar ganin ƙaguwa za ta hana ka karin kumallo?"

"Kawu, gani ya kori ji."

Makoko gari ne da aka kafa a kan ruwa, gidaje bisa turaku, a gefen doguwar gadar nan ta Third Mainland da aka buɗe a 1990. Kwalekwale ne keken kowa, har yara 'yan shekara bakwai. Wata dattijuwa da kawu ya sani ta ɗaga murfin kwando, ga su nan a cunkushe, suna kumfa, suna ɗaga hannuwa kamar awartakin maƙeri. Yarbawa na kiranta akan. Na miƙa yatsa, ta buge mini hannu, ta nuna mini tabon da ke nata.

Abin mamaki na farko, bayanta ba shuɗi ba ne, ya fi kusa da kore mai duhu. Shuɗin yana ƙafafu da hannuwa. Ɓawon yana da faɗi, da tsini ɗaya mai kaifi a kowane gefe. Ƙafafunta biyu na baya kuwa falle-falle ne kamar filafilin kwalekwale, kuma da su take iyo, abin da tamu ta Kaduna ba ta iyawa. Dattijuwar ta juya biyu ta nuna mini cikinsu: murfin cikin namiji siriri ne, na mace mai faɗi, don a nan take rungume ƙwai. Abin da nake kwashe rabin darasi ina bayani, ta gama shi da juyi ɗaya.

Wani matashi ya ɗauke mu a kwalekwale. Yana da ƙananan raga masu zagayayyen baki, a tsakiyar kowace an ɗaure koto na kan kifi. Ya nutsar da su a jere, ya koma ta farko ya fizgo da sauri kafin mai cin koton ta ankara. A cikin laka muka ga wani ɓawo cikakke, babu kowa ciki. Ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa kamar maciji, kuma kafin sabon ɓawon ya yi tauri tana ɓuya, don ko 'yar uwarta na iya cinye ta.

A nan na fahimci sirrin mazauninta. Tafkin Legas mahaɗa ce: koguna irin su Ogun na zubo ruwan daɗi, teku na turo na gishiri. Babbar ƙaguwa na jure kowanne, amma macen da ta ɗauki ƙwai sai ta gangara inda gishiri ya yi yawa, domin 'ya'yanta na ƙyanƙyashewa mitsi-mitsi, su yi ta yawo a ruwan teku kafin su dawo. Tamu ta kogi kuwa tana riƙe ƙwanta har su fito da siffar uwarsu, ba ruwanta da teku.

Ta Legas, wadda masana ke kira Callinectes amnicola, 'yar gida ce a gaɓar Afirka ta yamma. Da yamma muka hango manyan jiragen ruwa suna jiran shiga Apapa, sai na ba kawu labarin 'yar uwarta ta Amurka, Callinectes sapidus, mai iya ɗaukar ƙwai har miliyan 2 a lokaci guda. Jiragen kaya kan cika cikinsu da ruwa don daidaita nauyi, su zubar a wata tashar, kuma ana ganin haka ta isa Turai. A 2023 ta far wa gonakin kawa a bakin kogin Po, har gwamnatin Italiya ta ware Yuro miliyan 2.9 don yaƙarta. Wata irin ƙaguwar kuma ta bi mashigin Suwez ta mamaye tekun Gabes na Tunisiya daga 2014. Masunta suka laƙaba mata Da'ish saboda yaga musu raga, amma yau kama ta suke ana fitarwa ƙasashen waje.

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "To halal ce dai?" Na ce a mazhabar Malikiyya abin ruwa duk halal ne. Da dare aka dafa mana ita da barkono, shuɗin ya rikiɗe ya koma ja. Naman fari ne, da ɗan zaƙi, sai dai aikin ɓarewa ya fi cin yawa.

Na dawo Badarawa da busasshen ɓawon nan a gwangwanin madara. Ranar da aka koma makaranta na ajiye shi a kan tebur, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, idan aka sake ta a kogin Kaduna fa?" Na ce wataƙila ta ɗan rayu, amma ba za ta bar baya ba. 'Yar uwarta ta ƙetare teku a cikin jirgi, ita kuwa sai ga shi rashin gishiri ya hana ta zama 'yar Kaduna.