Birkin da Na Yi wa Kunnen Ƙashi

Idan mutumin Yelwa zai sayi mota 'yar Kwatano, kukan inji yake fara saurara. Daga nan ya gwada giya, ya kunna na'urar sanyi, ya zagaya ya ga ko an taɓa sake mata fenti. Birki kuwa taku ɗaya ake yi masa a bakin titi, in motar ta tsaya magana ta ƙare. Ni ma haka na sayi tawa, salun ce ta kai yara makaranta da zuwa gaida dangi, kuma na daɗe ina ɗauka gyaran birki bai wuce canza fad da ƙara mai a ɗan tulun da ke ƙarƙashin bonet ba. Da wannan gurguwar fahimta na kusa jawo wa gidana abin da ba ya gyaruwa, kuma ba zan ce ban sami mai gargaɗi na ba.

A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita. A gefen faifan akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya hau kansa, shi kanikawa ke ce wa kalifa. Aikinsa ya matse faifan tsakanin fad biyu, kamar yadda mutum zai damƙe bakin tire da babban yatsa da sauran yatsunsa. A yawancin motocin gida fistin ɗaya ne a cikinsa, ta ɓangaren ciki. In ka taka birki, mai ya tura fistin, fistin ya danna fad na ciki, sai shi kalifan ya zame a kan wasu fin guda biyu ya jawo fad na waje. In ka ɗaga ƙafa, wata robar zobe da ke kewaye da fistin ce ke ɗan jawo shi baya, tazarar da ido ba ya gani. Matsewa kowa na jin ta a ƙafarsa. Sakewa ce ba wanda ke lura da ita, kuma ita ce ke fara lalacewa, domin ta dogara ne ga fin biyun nan su kasance da giris, da kuma 'yan robobin da ke hana ruwa da ƙura shiga.

Ruwa da ƙura kuwa su ne Yauri. Dama can Yelwa ta Yauri garin bakin Kwara ne, da aka kammala madatsar Kainji a 1968 sai ruwan ya ƙara faɗi, ya zama tafki. Da damina hanyoyin ƙauyukan Ngaski da Shanga sai an ratsa kududdufi da laka, da rani kuma jar ƙura ta maye gurbinsu. Ni sai na ƙara da nawa gangancin. In na dawo daga tafiya, mota da zafinta, nakan zarce bakin ruwa in tsoma ƙafafunta na gaba a ciki, yara masu wanki su yi ta watsa mata. Ina zaune a inuwa ina cinikin kifi, ina jin daɗin cewa ni mai kula da mota ne.

Tsohon bakaniken da nake kai wa aiki shi ya fara gani. Na kai masa canjin fad, ya kwance tayar dama ta gaba, sai ya kira ni, ya ajiye fad biyun a tafin hannunsa. Na waje yana da sauran kauri sosai, na ciki ya cinye har ya kusa taɓo ƙarfe, kuma cin nasa a karkace. Ya sa farce ya ɗaga robar da ke bakin fistin, ta tsage, wani ruwan tsatsa ja ya ɗiga a kan yatsansa. Ya ce, "Malam, ba fad ne matsalarka ba. Fin ɗaya ya kafe, fistin ma ya fara cin tsatsa. Ka bar mini ita zuwa gobe in buɗe." Na ce, "Baba, ka sa fad kawai, in na sami sarari zan dawo." A zuciyata kuwa cewa na yi, ga shi nan, halin kanikawa, an ga mota an ga kasuwa. Kuɗin robobin da ya ambata bai kai na galan ɗin fetur ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne abin da na yi da na koma gida. Na ari jak, na cire fin ɗin da kaina, na wanke shi da fetur, na lafta masa baƙin giris irin wanda ake sa wa boris, na mayar. Ban san cewa robar birki ba ta shiri da fetur da duk wani mai na danginsa ba. Kumbura take yi ta riƙe fin ɗin gam. Giris ɗin da ya dace da wurin na silikon ne, wanda ba ya cin roba kuma yana jure zafi.

Motar ba ta ɓoye mini komai ba. Sitiyari ya fara jan hannuna zuwa dama. Shan mai ya ƙaru, na ɗora wa masu gidan mai laifi. Wilin dama ya riƙa yin baƙi da garin fad fiye da na hagu. Kowace alama da ta zo sai na samo mata uzuri.

Ranar da abin ya faru mun kama hanyar Koko ne za mu suna, ni da mai ɗakina da yara a baya. Wanda ya san wannan titi da ya taso daga Kontagora ya bi ta Yelwa zuwa Jega ya san ba a rabuwa da birki a kansa, ga tireloli, ga ramuka, ga shanu. Na jiyo ƙauri, na ce kulocin tirelar gabanmu ne. Can sai wata motar albasa ta tsaya cak a gabana, na taka birki, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Na yi ta bugunta, na sauke giya, na ja birkin hannu a hankali, na kauce gefen titi. Allah ya sa wurin fili ne, ba rami, ba mai tafiya a ƙasa. Babu wanda ya ƙwarzane. Da na fito, hayaƙi na tashi daga tayar dama, ba a iya kusantar wilin da hannu.

Daga baya na fahimci abin da ya auku. Fad ɗin ya yi ta gogar faifai tun daga gida, zafin ya bi ta fistin ya isa ga man birki. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya haura digiri 205, na DOT 4 kuma 230. Amma man birki yana zuƙar danshi daga iska, kuma in ya sha ruwa ma'aunin kan sauko zuwa wajen 140 da 155. Shi ya sa ake son a canza shi duka kamar bayan shekara biyu. Nawa tun da na sayi motar ƙari kawai nake yi masa. Da ya tafasa ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura fistin.

Ban gama wautar ba a nan. Na sayi fiya wata na kwarara wa faifan don ya huce, ya yi ƙara, ya kuwa lanƙwashe. Wani yaro mai gyara a bakin hanya ya ce zai toshe layin man da ke zuwa wannan tayar, in lallaɓa da birki uku. Na amince. Mai ɗakina ta sauke yara, ta ce, "Malam, mu dai a sa mu a motar haya." Na ji haushi a lokacin. Sai da na kama hanyar komawa ni kaɗai na ga gaskiyarta: tayoyin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, kuma da ɗaya kaɗai ke kamawa, duk taku sai motar ta fizge ni hagu, wato hannun masu tahowa. Wannan toshiya da ake yi a hanyoyinmu kamar ba komai ba, a ganina ta fi kafewar kalifan haɗari, domin mai motar yana sane ya zaɓe ta.

Baba bai yi mini gori ba, abin da ya fi gorin zafi. Ya fara da kwance ɗan noti na fitar da iska ya ga ko tayar za ta saki, domin wani lokaci tiyon roba ne ke ruɓewa ta ciki ya hana mai komawa, a yi ta zargin kalifa a banza. Ba ta saki ba. Da ya fitar da fistin, jikinsa duk ramukan tsatsa ne, ya ce wannan ko an goge shi da sanfefa zai yanke sabuwar roba ya yi yoyo. Aikin da robobi za su gama a da, yanzu ya ci kalifa, da faifai biyu, da fad na ɓangarorin biyu, da tiyo, da mai gaba ɗaya.

Na zauna a kan tsohuwar taya na kalli aikin har ƙarshe. Ya rataye kalifan da waya, bai bar shi yana lilo a jikin tiyo ba. Na Kwatano da muka samo a kasuwa bai yarda da shi haka nan ba, sai da ya buɗe ya duba fistin da robobinsa, ya kuma tabbatar na dama ne, domin in aka musanya na hagu da na dama notin iska ƙasa zai koma, iskar kuwa sama take taruwa, ba za ta taɓa fita ba. Ya sa sababbin washa na tagulla a bakin tiyo. Na hagun ma ya buɗe shi ya wanke ya sake masa robobi, don kada ɗaya ya fi ɗaya kamu. Sannan ya sa yaronsa a kujerar direba, yana cewa "buga, riƙe, saki," suna bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya tun daga wadda ta fi nisa da masta, inda tulun mai yake, har baƙin man ya ƙare, garau ya fara fita ba kumfa. Kafin ya miƙo mini makulli ya sa na buga feda har ta yi tauri, ya ce in guji taka birki da ƙarfi a 'yan kwanakin farko sai fad ya zauna a kan faifai, in kuma dawo da motar bayan damina a sake buɗe fin ɗin.