Ranar Awo a Yogyakarta

Jirgin ƙasa ne ya kawo ni Yogyakarta daga Jakarta, muka yi ta keta gonakin shinkafa kore shar, ruwa kwance ko'ina. Daga tashar Tugu na hau becak, keke mai ƙafa uku wanda fasinja ke zama a gaba, mai tuƙi yana baya, ya kai ni masaukina kusa da Kauman. A unguwar nan Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a 1912, reshenta na mata, Aisyiyah, ya biyo baya a 1917, kuma yau asibitocinsu da ɗakunan haihuwarsu sun bazu a Indonesiya.

Wata safiya da hantsi lasifikar masallacin unguwa ta ɗauki magana. A wurinmu, idan ka ji lasifika ba lokacin salla ba, to rasuwa ce ko cigiyar yaro, don haka na fito gabana yana faɗuwa. Sai na ga mata suna ɓullowa daga lunguna da jarirai rataye a ƙugu cikin zanen batik, kowacce da littafi ruwan hoda a hannu, suna ta raha. Na rasa gane abin da ake ciki, har mai masaukina ya ce yau ranar posyandu ce, wato awon da ake yi sau ɗaya a wata a cikin unguwa tun shekarun 1980.

A barandar mai unguwa aka jera tebura biyar. Matan da ke zaune a bayansu maƙwabta ne 'yan sa-kai, ana kiransu kader. Wata tana rubuta suna, wata tana saka jariri cikin zanen da aka rataye a sikeli, tana matsar da ƙarfen awo har sandar ta daidaita, yaron yana tsala ihu. Aka raba wa yara kunun koren wake da madarar kwakwa.

Teburin ƙarshe ne ya tsayar da ni. Ungozoma ce daga puskesmas, asibitin gwamnati na gunduma, da tire a gabanta: ƙwaya, allurar wata ɗaya da ta wata uku, kwaroron roba, da samfurin ashanar hannu da robar mahaifa don a gani a taɓa. Wata matashiya da goyonta ta zauna ta ce wa ungozomar, “Bu Bidan, tunda na fara allurar nan jinina ya ɗauke.” Ungozomar ta yi mata bayani cewa allurar wata uku takan yi haka, ba ciwo ba ne, amma idan hankalinta bai kwanta ba akwai wata hanyar. Ta ɗauko ashanar ta nuna mata inda ake saka ta a damtse, ta ce ta same ta a asibiti. Duk wannan a gaban wata tsohuwa mai carbi, wadda ba ta ko ɗaga kai ba. Wallahi na daɗe ban ga abin da ya burge ni haka ba. Na san mata a gida da kwanika ta tsotse su, amma sai sun ɓoye katin tazarar haihuwa a ƙasan akwati kamar kayan sata.

Na tambayi mai masaukina, “Malamai fa?” Ya ce ai da su aka fara. Tun ƙarshen shekarun 1960 Muhammadiyah da wata ƙungiyar Musulunci, Nahdlatul Ulama, suka duba mas'alar, suka halatta tazara bisa sharuɗɗa. A 1983 majalisar malaman ƙasar ta amince har da robar mahaifa, muddin mace ce za ta saka.

A kasuwar Beringharjo, wajen masu sayar da tsofaffin kuɗi, na ga kwabon rupiya 5 na 1974 ɗauke da hoton uba da uwa da 'ya'ya biyu. Hukumar tsara iyali ta BKKBN, da aka kafa a 1970, har aljihun mutane ta shigar da saƙonta. A lokacin, mace a Indonesiya tana haihuwar 'ya'ya fiye da biyar a matsakaici. Yau abin ya dawo biyu da 'yan kai. Ba duka tarihin ne mai daɗi ba. A zamanin Shugaba Suharto an matsa wa mata a ƙauyuka da yawa don a cika adadin da gwamnati ta yanka, kuma wannan zalunci ne. Abin da na gani a barandar nan daban yake: mace ce ta zo da ƙorafinta, aka saurare ta, aka bar mata zaɓi.

Daga baya na leƙa puskesmas ɗin. Tun 1989 gwamnati ta fara tura ungozoma ƙauye-ƙauye, dubun-dubatarsu, sannan inshorar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki a 2014 ta ɗauki nauyin wannan hidima. A Najeriya ma an mayar da kayan tazara kyauta a asibitocin gwamnati tun 2011, amma wani bincike na 2018 ya nuna kashi 12 cikin ɗari kawai na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani. Wata 'yar uwata ta taɓa kashe kuɗin acaba zuwa wani asibitin sha-ka-tafi aka ce mata allura ta ƙare, ta dawo wani makon. Shi ya sa na roƙi a nuna mini ɗakin ajiya na puskesmas ɗin. Kwalaye jere a kan kanta, kowanne da katin abin da ya shigo da abin da ya fita. Ungozomar ta buɗe mini babban littafinta, inda ta rubuta ranar da allurar kowace mace za ta cika. Na ce, wadda ba ta zo ba fa? Ta ce kader ɗin lungunsu za ta bi ta gida ta ji ko lafiya, don wata mantuwa ce, wata kuma ta shirya sake haihuwa ne, sai a buɗe mata shafin awon ciki.