Karatsu, garin da ake cinye kuɗin wata 3 cikin kwana 3

Ƙasar Japon tana can gabas mai nisa, teku ya kewaye ta ko'ina. A kudancinta, cikin tsibirin Kiyushu, akwai wani gari na bakin ruwa da ake kira Karatsu. Akwai masunta, akwai manoman shinkafa, akwai magina tukwane. Baƙon da ke son ganin garin sai ya dubi wata kafin ya ɗaure kaya, don kowane lokaci da bikinsa.

Farkon watan Yuni ana jan igiya a Yobuko, wata tashar masunta da ke cikin ƙasar Karatsu. Mutanen tudu su kama gefe guda, mutanen bakin ruwa su kama ɗayan. An ce in na tudu suka ci, gona za ta yi kyau a shekarar. In na bakin ruwa suka ci, kifi zai kamu. Ke nan ko wa aka kayar, garin bai yi hasara ba.

A Yobuko ɗin nan ake cin wata halittar teku da suke kira ika. Ba ta da ƙaya irin ta kifi, hannuwanta 10. Ana fiddo ta daga ruwa da ranta, a yayyanka siriri, a kawo wa baƙo ɗanye, naman garau har ana ganin akushi ta cikinsa. Abin da ya rage sai a maida madafa a soya da garin alkama. Wanda ransa bai ɗauki ɗanye ba ya jira suyar, ko ya je kasuwar safe ya sayi busasshe kamar kilishi.

Amma babban biki sai bayan kaka, daga ran 2 zuwa ran 4 ga Nuwamba, lokacin da shinkafa ta shiga gida. Bikin godiya ne na addininsu na gargajiya, Shinto. Sunansa Kunci. Da Japananci ne, amma Bahaushe ya ji sunan ba zai yi mamaki ba, don kumatu suna aiki ƙwarai a kwanakin nan.

Unguwanni 14 ne, kowace da ƙaton amalankenta. Bisa kowane an gina siffa: zaki, kifi, hular yaƙi, jirgin ruwa. Na farko shi ne Jan Zaki, an yi shi a 1819. Jan kifi na unguwar masu sayar da kifi an yi shi a 1845, na ƙarshe kuma a 1876. Da takarda aka gina su, ana liƙa wata bisa wata, a shafe da ƙaron wani itace, a yi ado da zinariya. Duk da haka kowane ya kai tan 2 ko ya fi. Ba mota, ba shanu: mutane ke ja da igiya, ana kiɗa ana busa. Rana ta biyu a kai su cikin rairai kusa da teku, ƙafafun su nutse, a yi ta fama. Duk wanda ya taɓa tura amalanke cikin yashi ya san wannan gumi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake kiyayewa.

A cikin gidaje kuwa wani aikin ake. Ana dafa wani babban kifi da ake kira ara, wanda kan kai metir guda, a dafa shi sukutum cikin romon waken soya. Tsadarsa ba magana. Dangi, abokai da abokan ciniki su yi ta shigowa, kowa ya ɗan taɓa, ya gode, ya wuce gida na gaba. Mutanen garin da kansu suna cewa kuɗin wata 3 ake kashewa cikin kwana 3.

Shin wauta ce? Maigidan da ya ciyar da abokan cinikinsa zai ce a'a, zumuncin shekara ya biya, kuma hannun da ya ba da shi ke karɓa. Yana da gaskiyarsa, muddin abin da ya tara ne ya kashe. In bashi ne, kifi ya ƙare ran 4 ga wata, mai bin bashi kuwa yana nan har damina. Sai kuma wata magana: wannan suna da maigida ke samu, matan gida ne suka saye shi da kwanaki a bakin murhu. Da yawansu amon kiɗa kawai suke ji daga madafa.

Baƙo ya sani, ba a faɗa wa gidan mutane haka kawai, sai da wanda ya gayyace shi. In ba shi da kowa, akwai masu sayar da abinci a bakin hanya. In Musulmi ne, ya tambaya kafin ya sa hannu, don sukan zuba giyar shinkafa cikin romon kifi.

Ran 4 da marece ake maida amalanken cikin zauren da ake ajiye su. Wanda ya zo bayan biki zai iya shiga ya gan su a can, a jere, ba kiɗa ba igiya.