Daga Bakin Kogin Kaduna Zuwa Bakin Teku

Duk wanda ya tashi a Kaduna ta Arewa, watau daga Kawo zuwa Kabala, ya sha jin cewa kogi ne ya raɗa wa garin nan suna, domin an ce kalmar Kaduna daga "kadduna" ta samo asali, jam'in kada ke nan. To, amma abin mamaki, mafi yawan mutanen garin ba su ganin kogin sai ta tagar mota sa'ad da suke ƙetare gada, ko kuwa in damina ta yi nisa ya cika ya batse ya shigar wa jama'a gidaje, kamar yadda ya yi a shekarar 2012. Ni kam Allah ya nufe ni da saninsa ta wata fuska dabam, saboda kawuna, yayan mahaifiyata, masunci ne.

Kawu Bakabe ne, daga ƙasar Argungu, inda su yake gado. Neman aikin masaƙa ya kawo shi Kaduna yana saurayi, ya shekara da shekaru yana ƙetare kogi zuwa Kakuri kullum safe, ba ya ko waiwayen ruwan. Da masaƙu suka durƙushe a farkon shekarun 2000, wasu abokan aikinsa suka kama acaba, wasu suka koma ƙauye, shi kuwa ya sayi kwale-kwale ya koma sana'ar ubansa. Yakan ce masaƙa ta sallame shi, kogi ya karɓe shi ba tare da ya tambaye shi takarda ba.

Tun ina ɗan shekara tara nake bin sa a duk hutun makaranta. Wurarenmu ba su da yawa. Akwai bayan Malali, inda duwatsu kan fito fili da rani, ruwa ya riƙa kwanciya a gurabe masu zurfi tsakaninsu, nan ne matattarar tarwaɗa da ƙurungu. Akwai gangaren Unguwar Rimi, inda ciyawa ta yawaita, ƙarfasa ke kiwo. Sa'an nan mukan gangara har kusa da Gamji, mu hangi tsohuwar gadar ƙafa ta Lugga, wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa Kaduna. Lokacin da Kawu ya fi so shi ne kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa, kifin da ya hau fadama ya yi ƙiba yana neman hanyar komawa gulbi.

A nan ne na fara gane cewa su ilmi ne mai zaman kansa, kuma da harshensa. Birgi shi ne wanda ake yaɓawa a kafaɗa a wurga shi ya buɗe kamar laima, dalmar da ke bakinsa ta nutsar da shi. Kalli kuwa shimfiɗa shi ake yi a bar shi ya kwana, kifi ya zo wucewa ya sarƙe. Mamari igiya ce doguwa mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Homa da gora su ne kayan mutanen Kabi, waɗanda duniya ke gani a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Ni dai fatsa aka fara ba ni, da gwangwanin tana. Ranar da na fara kama ƙurungu na cafke shi da murna, ƙayar bayansa ta shige mini tafin hannu. Ina kuka, Kawu yana dariya, ya ce, "Ɗan nan, yau ka biya kuɗin makaranta." Har yanzu tabon yana nan.

Da na shiga jami'a na zaɓi nazarin Hausa, sai na lura da wani abu da ya dame ni. A ajinmu kusan kowa ya san karin maganar nan ta "kifi na ganinka, mai jar koma", amma da wuya a sami wanda ya taɓa riƙe koma. Ana kiran mutum kifin rijiya, ana misali da gaiwa mai cin jikinta, alhali kuwa ba kowa zai iya bambance gaiwa da tarwaɗa ba. Na duba ƙamusun Bargery na 1934, na tarar ya adana sunayen kifaye da dama, to, amma suna a takarda dabam ne da bayanin wanda ya san inda kifin yake kwana da abin da yake ci. Saboda haka na sayi littafin rubutu, na zauna da Kawu dare da dare. Yana faɗi ina rubutawa: sunayen kifi, da na kayan aiki, da na sassan kwale-kwale, da yadda ake kiran ruwa in ya yi ja, da in ya kwanta, da in yana juyi. Na tara kalmomi sun haura ɗari biyu, da yawansu da karin harshen Kabi.

A shekarar 2022, yajin aikin malaman jami'o'i ya ba mu hutun dole na wata takwas. Wani ɗan'uwanmu mai fataucin albasa ya ce in raka shi Ikko in buɗe ido. Na amsa da sauri, domin ban taɓa ganin teku ba, na kuma jefa littafin nan a jaka da niyyar in kwatanta kifayenmu da nasu.

Muka sauka a Agege, cikin Hausawa, kamar ba a bar gida ba. Wurin da na fara zuwa shi ne kasuwar kifi ta Epe, a bakin babban tafkin da ke gabas da Ikko. Na tafi da zaton zan ga abin da ban sani ba, sai ga tsofaffin sani a cikin manyan robobi: tarwaɗa, da ƙarfasa, da yauni, wanda Yarabawa ke girmamawa ƙwarai a sha'anin biki. Mata ne ke riƙe da kasuwar, abin da ya bambanta da namu. Dalilin kamannin kifayen kuwa shi ne ruwan wajen na koguna ne da suka gangaro daga tudu, gishirin teku bai cika isa can ba.

Badagari ce ta nuna mini teku na gaskiya. Aka ƙetarar da mu a jirgin ruwa zuwa tsibirin Gberefu, muka bi hanyar yashi da a zamanin cinikin bayi ake kora mutane a kanta zuwa jiragen Turawa. Na yi tafiyar nan jikina a sanyaye, don na san cikin waɗanda aka kora ba a rasa masu jin harshen da nake karanta. Tun kafin mu isa na fara jin ruri kamar na hadari, alhali sama garau take. Da muka ɓullo, na tsaya na rasa ta cewa. Kogin Kaduna, duk da tafiyar kilomita kusan 550 da yake yi daga tsaunukan Jos zuwa Kwara, kana tsaye a wannan gaɓa kana iya kiran na waccan gaɓa. Wannan kuwa ba shi da ƙetare.

Anan ne wani tunani ya zo mini. Bahaushe yana da kogi, da gulbi, da rafi, da ƙorama, da tafki, da kududdufi, kowane da matsayinsa. Amma wannan ruwa da ya fi su duka, kalma ɗaya muka ba shi, teku, sai kuma "bahar" da muka aro daga Larabci. Ruwan yakan cika ya kuma janye sau biyu a yini da dare, bisa jan wata, masuntan wurin kuma da shi suke auna lokacin fita, ni kuwa sai da jimla guda nake iya faɗin abin. Harshe ba ya raɗa suna sai ga abin da masu shi suka zauna da shi.

Masuntan wurin Egun ne. Na iske sun kai wani ƙaton taru cikin ruwa da jirgi, sun dawo da igiyoyinsa biyu tudu, mutane fiye da ashirin a kowace igiya suna ja suna waƙa. Suka yafuto ni, na kama. Mun fi awa biyu muna ja, hannuwana suka yi kanta. Da jakar tarun ta iso, na fiddo littafina na matsa bakin ruwa don in tambayi sunayen abin da aka kamo, domin ban san ko ɗaya ba. Wani dattijo ya ɗaga mini murya da harshensa, ban gane ba. Ashe gargaɗi yake yi mini kada in juya wa teku baya. Igiyar ruwa ta taso ta doke ni, na faɗi, na sha ruwan gishiri, samari biyu suka fizgo ni. Da na miƙe, hannuna wayam. Littafin ya tafi.

Ban yi barci ba daren nan. Ba ni da kwafi, kuma na baro Kawu ba ya jin daɗin jikinsa.

Na dawo Kaduna na tarar ya sayar da kwale-kwalen ga masu ɗiban yashi. Ya ce ƙafa ta ƙi, kuma kogin ma ya ƙi. Dattin gari da leda sun cika shi, wasu suna su da gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan kifi, wasu ma magani suke zubawa. Ya ce rabonsa da giwan ruwa na kirki a bayan Malali har ya manta. Da ƙyar na iya gaya masa abin da ya sami littafin. Ya yi shiru, kana ya tambaye ni ko tekun nan tana da Sarkin Ruwa. Na ce ban tambaya ba. Ya ce, "To, ka gani. Ka shiga gidan mutane ba sallama."

Mun sake zama, amma ba kamar da ba. Yanzu yakan gaji da wuri, wata kalmar kuma sai ya kama bakinta ta kuɓuce masa, ya ce in bari sai gobe. Zuwa yanzu mun maido ɗari da talatin da ɗaya. Akwai sunan wani ƙaramin kifi mai jan wutsiya da na tabbata na rubuta a shafi na uku, ni na manta, shi ma ya manta. Ya ce in ya gan shi da ido zai tuna, don haka mun yi alkawari in an gama jarrabawa zan ɗauke shi a mota mu je madatsar ruwa ta Kangimi, inda yake da tsofaffin abokan sana'a. Ya ce in zo da sabon littafi, amma in bar shi a tudu.