Katantanwar da bakinta ke hagu



Ina da shekara goma sha ɗaya na fara fitsarin jini. A Sabon Birni muke lokacin, Baba yana koyarwa a wata firamare, ni kuwa ba ni da aikin da ya wuce Gulbin Rima. Da an tashi daga makaranta sai mu tuɓe riguna mu faɗa ruwa, mu yi gasar nutso. Wanda ya fi daɗewa a ƙasa, ya taso da katantanwa a hannu, shi ne gwani. Manyan mukan kai gida mu yi wasa da su, ƙananan kuma ko kallo ba su ishe mu ba.

Ban gaya wa kowa zancen jinin ba, domin abokaina sun ce alamar girma ce, kowane namiji sai ya yi. Mama ce ta gani a wandona. A asibiti aka ce tsargiya ce, aka ba ni ƙwayoyin praziquantel masu ɗacin gaske.

Sai da na kai sakandare na san daga ina abin ya fito. Malaminmu na kimiyya ya zo da wani littafi mai hotunan dangin dodon koɗi na teku, waɗanda ba su da ƙoƙo a baya, masu launi kamar atamfa. Ya ce masu nutso a Bahar Maliya sukan ɗauki hoton guda biyu, duka masu zanen baƙi da fari da ruwan lemo, su yi ta musu ko iri ɗaya ne. Sai an duba launin gefen jiki, da ƙahonni biyu na kai, da tuntun da suke numfashi da shi a baya. Muka yi dariya, wai manyan mutane suna gardama a kan tsutsa. Bai ce komai ba. Washegari ya shigo da kwalba cike da ƙananan katantanwa da ya kwaso daga wani tafki a hanyar Isa, ya juye su a faranti, ya ce mu raba su. Dukanmu muka ce ai iri ɗaya ne.

Ga abin da ya koya mana, ban manta ba har yau. Ka sa tsinin ƙoƙon ya dubi sama, bakin yana fuskantarka. In bakin yana dama, ƙoƙon siriri mai rauni, to Lymnaea ce, ita ke ɗaukar tsutsar da ke ɓata hantar shanu da tumaki. In kuwa a kwance take, naɗe kamar gammo, Biomphalaria ce, mai tsargiyar hanji. Wadda bakinta ke hagu, ba ta wuce girman farce ba, ba ta da murfi, ita ce Bulinus, tawa ke nan. Akwai wata babba da bakinta ma yake hagu, Lanistes, amma tana da murfin da take rufe kanta da shi, kuma ba ta ba mutum tsargiya. Ashe waɗanda muke yi wa kokawa ba su da laifi, waɗanda muke watsarwa su ne masu aikin.

Tsutsar ba a shan ta. Ƙwanta yana fita a fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, sa'an nan 'ya'yan su fito su huda fatar duk wanda ke cikin ruwan, galibi da tsakar rana, daidai lokacin namu wankan. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Bushewar tafki ma ba ta gama da Bulinus, takan lafe a cikin taɓo har ruwan sama ya dawo.

Daminar bara na kai ziyara wurin yayata a wajen Isa. Na tarar 'ya'yanta uku sun tara katantanwa a gwangwanin madara. Na sa tsinke na juya su ɗaya bayan ɗaya, biyar daga ciki bakinsu na hagu, babu murfi. Na ce, "Yaya, ki hana yaran nan tafkin nan."

Ta ce, "In hana su, su yi wanka ina? Famfon ya lalace tun bara, rijiyar kuwa tana can bayan gari, wa zai aiki yaro can da 'yan bindigar nan?"

Ban sami amsa ba. Abin da muka iya shi ne mu ware randa guda, ruwan wanka ya kwana biyu a ciki kafin a taɓa, domin tsutsar ba ta daɗewa da rai in ba ta sami jikin mutum ba. Muka sa ranar kai su ukun asibiti a duba fitsarinsu.

Ina zubar da gwangwanin sai autan ya riƙe mini hannu. "Kawu, har da babbar?" Na juya ta, na ga murfinta a rufe gam, na miƙa masa.